Ranar da Aka Sa Hassi Tsallaka

Kakata Luba ba ta dukan yara. Zagi dai akwai shi har da ƙari, ta zage ka ta zagi wanda ya haifi ubanka, ta manta mijinta ne, kai kuwa kana ta ƙyaƙyata dariya. Sau ɗaya tak na ga ta ɗaga hannu a kan jikarta, kuma wannan marin ne ya jawo labarin da har yau, da furfurata da komai, in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

A Bodinga muke, gidanmu na bayan kasuwa. Turawa na mulki, manya na ta maganar wani yaƙi nasu da ake ɗibar samari a kai su, mu yara ina ruwanmu. Abin da ya dame mu shi ne a idar da sallar magariba lokacin ɗari, Kaka ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta jawo ƙwaryar gabu. Sana'arta ke nan. Ta sayi ganyen albasa wurin masu lambu ta daka, da yamma ta zauna tana dunƙulawa don a shanya da safe. Har ta koma ga Allah, ko turare ka juye mata, albasa take wari. Mu kuma mu kewaye wutar, kowa ya tura gyaɗarsa cikin toka yana gadin ta kamar wata dukiya. Ni maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin na kasa yi mata zane, wai za ta kai ni gaban alƙali a raba auren. In ta gaji da tsokana sai ta shiga gatana, wadda mutanen gabas ke ce wa tatsuniya, ta kura da biri, ta dodo mai tsare rijiya, har a kira sallar isha.

Ran nan Dije da ƙanwarta, 'ya'yan baffana, suka yi faɗa a kan gyaɗa. Dije ta ture yarinyar ta ce, "Tahi can, mayya!"

Ba ta rufe baki ba muka ji tas! Kaka ta wanke ta da mari, har gabu ya manne mata a kunci. Dije ta kasa ko kuka don mamaki. Kaka ta dubi hannunta kamar ba nata ba, sannan ta goge a zane.

"Ke, kin san mi kinka ce?" in ji ta. Ta jawo Dije ta zaunar da ita a jikinta. "Ku matso. Yau ba gatana za ni yi ba. Wagga da ƙafarta ta zo, kuma ba ta komawa."

Ta ce tana budurwa aka kai ta aure wani ƙauye a ƙasar Shagari. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, jikokin mutanen na nan da ransu, wasu ma mun haɗa zuri'a. A can ta sami Hassi, sa'arta, marainiya, wadda ɗakinta ke jingine da dangar gidansu Kaka. Hassi gurguwa ce. Shan inna ya kama ta tana ƙarama, ƙafafun suka bushe suka lanƙwashe, ba sa ɗaukar komai, jan su kawai take yi a bayanta. Da hannu take tafiya. Tafin hannunta ya yi kanta kamar kofato, kafaɗunta kuwa, in ji Kaka, ɗan kokawa ya gani ya yi kwaɗayi. Kitso take yi da saƙar faifai, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu a ba ta sadaka ba. Ga baki. Wani saurayi ya taɓa kwaikwayon tafiyarta a bakin rijiya, ta bari ya matso, ta cafke masa idon sawu ta fizge, ya faɗi ƙasa tim, ta hau ruwan cikinsa ta zauna tana tambayarsa, "To, yanzu ni da kai wa ya fi kusa da ƙasa?" Sai da ya roƙe ta gaban 'yan mata sannan ta sauka.

Kaka ta ce ita da ta zo baƙuwa, kullum tana kukan gida, Hassi ce ta hana ta. Ta kan ce mata, "Ke da ƙafa biyu lafiyayyu kina kuka, ni in yi mi? In haɗiye turmi?" Sai Kaka ta yi dariya ba ta shirya ba.

Da Kaka ta haifi Babana, ɗan fari, sai kunya ta shiga tsakani. Ku na yanzu ba ku san ta ba. A lokacin uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba, zuciyarta na tafasa. Ko a ranar da take ba mu labarin, "ubanku" take cewa, ko "wancan." A al'ada kakanni ake ba irin wannan ɗa, to uwar mijin ta rasu, iyayen Kaka kuma suna nesa. Sai renon ya faɗa hannun Hassi. Ita ke wanke shi, ita ke ba shi fura, ita ke kiran sa Modi, laƙabin da ta sa masa, da babbar murya duk ƙauye na ji. Ya koyi rarrafe yana bin ta, ya koyi tafiya yana dafa kafaɗarta. In ya yi mafarki ya firgita, Hassi yake kira. In ƙaya ta soke shi, Hassi. Kowa a ƙauyen ya san haka, wannan ne ma abin da ke ƙona mini rai.

Yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka aka zo ɗibar mutane aikin hanyar mota da Bature ya ce a yi. Dogarai suka shigo da igiya da bulala, suka tasa maza gaba, har da kakana. Ba a tambayar ka ko ka gama girbi. Bayan wani lokaci aka sako wasu, kakana ba ya ciki. Waɗanda suka dawo sun dawo da baya duk tsagar bulala, wasu ƙudaje na bin su, idonsu jajir, ba mai iya yi musu magana. An dake su ba su rama ba, kuma sun san ba ranar ramawa. Cikinsu har da Mainasara, wan kakana, mutum mai zafin rai tun asali, wanda aka ɗaure a jikin itace aka yi masa dukan da ya bar shi yana fitsarin jini.

Ba su daɗe da dawowa ba, bazara ta yi tsanani, sanƙarau ya shigo. Yaro ya wuni yana wasa, da yamma ya ce kansa, gari ya waye wuyansa ya sanƙare ya juya baya, kafin wata safiyar an kai shi. Masu haƙa kabari suka daina komawa gida cin abinci. Mainasara ya binne ɗansa, ya dawo ya binne 'yarsa. Mutane suka fara kallon juna a kaikaice. Wani boka da ya ratso ya ce wannan ba ciwon Allah ba ne, akwai mai cin kurwar yara a cikin gari, ku saurari bakin marar lafiya, shi zai kama sunan.

Sai ciwon ya kama Babana.

Kaka ta ce ta ga wuyan ɗanta ya juya, amma ga dangin miji cike da ɗaki, sai ta koma tsakar gida tana dakan da ba ta san ko mene ne a turmin ba. Hassi ce ke jan jiki ta shigo ta ƙarƙashin danga, tana jiƙa masa leɓe da tsumma. Da zazzaɓin ya hau kansa ya fara sambatu, wa kuke tsammani zai kira? Uwar da ba ta taɓa amsa masa ba?

"Hassi! Hassi! Wayyo Hassi!"

Wata tsohuwa a ɗakin ta dafe ƙirji ta ce, "Kun ji? Ya kama suna." Wani ya leƙa waje ya ga sawun hannu da jan ƙafa ya taho daga danga har bakin ƙofa, sawun da suke gani kullum tun shekara da shekaru, ya ce ga shi, da dare take zuwa kamar dabba. Shi ke nan, magana ta zaga gari kafin a sha ruwa.

Rana na tsaka suka je mata. Tana zaune tana saƙa. Mainasara ya kama matattun ƙafafun nan ya fizge, ta kifa da fuska. Haka ya ja ta tun daga ƙofar ɗaki har dandali, a kan tsakuwa da ƙaya, tana ƙoƙarin tokarewa da hannu, fatar fuskarta na zama a ƙasa. Yaran da ta rena suna bin ta a baya, uwayensu sun ba su duwatsu. Matan da ta yi wa kitso jiya suna ihu, da kitson nata a kansu. Wani ya sauke mata taɓarya a haƙarƙari. Kaka ta ce ta ji ƙarar daga inda take, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Aka yage mata zane. Dutse ya same ta a baki, ta tofar da jini da haƙori.

Liman, tsoho tukuf, ya fito yana dogara sanda yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, jama'a! Annoba ta, ba mutum ba na!" Wani ya bangaje shi, ya faɗi, rawaninsa ya warware a ƙasa, aka tattake.

Kaka ta yar da taɓarya ta keta mutane ta faɗa kan Hassi ta rufe ta da jikinta. Sandar da aka ɗaga ta sauka a hannunta, yatsu biyu suka karye. A nan ta ɗaga mana hannun a hasken wuta. Mun saba ganin yatsun a karkace, mun ɗauka tsufa ne.

"Sunka ce mani, ke wace irin uwa ta? Ana neman ceton ɗanki kina kare mai cin shi?" Ta juya wuta. "Ni kuwa ban motsa ba. Abin da nis sani kawai, in na tashi kashe ta za su yi."

Ga yadda al'adar take. In an kama maye, sai a shimfiɗe marar lafiya a ƙasa, a sa shi ya tsallaka shi sau uku, wai ta haka zai saki kurwar da ya kama. Sai aka ɗauko Babana a tabarma aka ajiye shi a tsakiyar dandali, cikin rana mai ƙona tafin ƙafa, wuyansa a sanƙare, idonsa a kakkafe, leɓensa na motsi da sunan nan dai. Aka ɓamɓare Kaka daga jikin Hassi. Mainasara ya tsaya a kanta ya ce, "Tashi ki tsallaka shi."

Tashi! Ku ji fa. Matar da ba ta taɓa tsallaka ko muciya ba a rayuwarta. Wani daga baya ya yi dariya, sannan ya haɗiye ta. Mainasara ya sa samari suka kwaso kara suka tara gefe, wani ya taho da bakin wuta daga murhu. Ya ce in ba ta tsallaka ba, ta ƙi sakin yaro ke nan, kuma a nan za a ƙone ta, kowa ya huta.

Hassi ta ɗago kai. Ido ɗaya ya rufe, jini ya haɗe da ƙasa a fuskarta. Ba ta dubi Mainasara ba, ba ta dubi karan ba. Yaron ta duba.

"Wane marar imani yas sa shi cikin rana?" in ji ta. Sannan ta yafito Kaka. Aka bar ta ta matso, suna tsammani mayya za ta amsa laifi. Hassi ta yi magana a hankali, numfashinta na fita da ƙyar saboda haƙarƙarin.

"Luba, saurara. In yat tashi, su ce mayya ta, ta sake shi. In yam mutu, su ce mayya ta, ta cinye shi. Ni tawa ta ƙare ko ta ina." Ta tofar da jini. "To, Allah shi sa shi tashi."

Kaka ta fashe da kuka. Hassi ta daka mata tsawa kamar yadda ta saba. "Ke, bar wannan! Kwance kallabinki ki ɗaure mani ƙafafun ga ga ƙugu, kada su buge shi in na wuce. Sannan ki je ki riƙe kan ɗanki ki yi mashi inuwa. Yau babu kunya."

Da karyayyun yatsu Kaka ta naɗe ƙafafun ta ɗaure su tam a ƙugun Hassi. Sannan ta je ta durƙusa gaban surukai da dukan gari, kanta a buɗe, ta ɗora kan yaron a cinyarta. Ta ce a ranar ta fara kiran sunansa da bakinta. Ba ta maimaita mana sunan ba.

Hassi ta ja jiki ta iso gefen tabarma. Ta miƙa hannu biyu ta kafa su a ɗaya gefen yaron, ta ja numfashi, ta ɗaga gangar jikinta sama duka, da karyayyen haƙarƙari, ta wuce da ita ta kansa ba ta taɓa shi ba. Ta sauka da ƙara irin wadda Kaka ta ce ba ta taɓa jin mutum ya yi ba. Ta juyo. Ta sake kafa hannu. Tana cewa, "Modi, ni ta. Hassi ta. Kada ka ji tsoro, wasa muke yi." Ta wuce na biyu. A na uku hannuwan suna karkarwa kamar kara a iska, jinin bakinta na ɗiga a ƙirjin yaron, ta tsaya a sama ta kasa gaba ta kasa baya. In ta saki, a kan wuyansa za ta faɗo. Sai ta yi wani nishi ta wurga kanta gefe da ƙarfin tsiya, kafaɗar dama ta goce, ƙas, ta faɗi can ta kife ba ta ƙara motsi ba.

Ba wanda ya ce sannu. Suka ɗaure ta a gindin wata tsamiya a bakin gari, wai sai an ga abin da zai faru da yaron. Kaka ce ke kai mata ruwa a fili, ana tofa mata yawu a hanya. Liman ya sa aka mai da mata kafaɗa, shi ma sai da ya biya da zagi. Duk zuwan da Kaka za ta yi, tambayar Hassi ɗaya ce, "Ya sha wani abu?"

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka. Babana ya buɗe ido ya ce yana son fura. Kunnensa na hagu ya tafi da ciwon, har ya tsufa sai ta dama ake yi masa magana, amma ya tashi. Gari ya ɗauki guɗa. Mata suna shigowa suna yi wa Kaka barka, suna cewa, "Kin gani ko? Ta sake shi! Da mun biye maki da yanzu an rufe shi." Kaka ta fita da gudu zuwa tsamiya. Da Hassi ta ji, ta rufe idon da ya rage, ta daɗe, sannan ta yi dariya da fasasshen baki tana riƙe da haƙarƙari.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Na zama mayya."

To, sai ga gaba kura baya sayaki. Tun da magani ya ci, kowa mai marar lafiya a ɗaki ya ce gobe za a fito da nasa ita ma ta tsallaka. Kaka ta san sanƙarau ba ya sakin kowa da kowa. Na farko da zai mutu bayan tsallakawar, karan nan na nan a tare. Ba ta yi shawara da kowa ba sai Liman, shi kuwa ya ce, "Ɗiyata, ga jakina, kada ki waiwaya." Da rana kata, maza duk suna maƙabarta wurin wata jana'iza, ta ɗora Babana a jaki ta ɗaure shi da zane. Ta yanke igiyar tsamiya. Hassi ba ta iya zaman jaki saboda haƙarƙarin, sai Kaka ta goya ta, babbar mace, kamar jaririya. Ta bar ɗakinta da jerenta da rumbun mijinta, ko ludayi ba ta ɗauka ba.

Suka bi ta cikin gonaki suna kauce wa hanya. In ta gaji ta sauke ta a inuwa, ta huta, ta sake ɗauka. Hassi na bayanta tana zagin ta, wai tafiyarta kamar ta agwagwa, ta sauke ta ta nuna mata yadda ake sauri. Suka kwana a Sifawa gidan wata mai fura da ba ta tambaye su komai ba, washegari suka shigo Bodinga wurin goggon Kaka. Da aka sako kakana daga aikin hanya ya je ya tarar da abin da aka yi, bai kwana a garin ba, ya biyo su. Shi da wansa ba su ƙara gaisawa ba har mutuwa ta raba. Dalilin zamanmu a Bodinga ke nan.

Amma suna ya fi jaki sauri. 'Yan kasuwa suka kawo labarin, mata suka riƙa janye 'ya'yansu in Hassi ta wuce. Ba mai ba ta kai ta yi kitso, don an ce da gashi maye ke kama mutum. Sai Kaka ta riƙa shimfiɗa tabarma a ƙofar gida duk ranar kasuwa, inda kowa zai gani, ta kwance kanta ta ɗora a cinyar Hassi. Ko kitson bai tsufa ba sai ta tsefe a sake. Hannun daman bai koma daidai ba, kitson ya kan fito a karkace, Kaka ta yi ta yawo da shi haka nan tana cewa sabon yayi ne. A hankali wata ta kawo kai, wata ta biyo. Wasu kuwa har Hassi ta mutu ba su ci abin da hannunta ya taɓa ba. Ta rayu har ta ga auren Babana, har ta ga na fara rarrafe. An ce ta kan sa ni gaba ta ce ta sami abokin tsere, kuma ba ta taɓa bari in wuce ta ba.

Kaka ta kai nan, wuta ta zama toka, gyaɗarmu duk ta ƙone ba wanda ya tuna da ita. Ƙaramin cikinmu ya ce, "Kaka, ba ki ce ƙurunƙus ba." Ta ce, "Wancan na masu ƙarya na. Ku tashi, an kira salla."

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin na jarumta. Abin da ke burge ni hannuwan nan ne, da yadda suka ɗaga mutum sama. Mutanen ƙauyen kuwa na ɗauke su wasu irin halittu daban, mugaye, jahilai, waɗanda ba za ka taɓa samun irinsu a gidanmu ba.

Sai da na yi aure na haifi Saude. Turawa ba su daɗe da tafiya ba, Kaka ta riga ta rasu, sanƙarau ya sake zagayowa a wata bazara ya kama mini ita, tana 'yar shekara biyar. Malamin asibiti ya yi mata allura, ya ce mu yi addu'a. Da ciwon ya hau kanta sai ta fara kiran Goggo Ige, wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai daddawa, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta da kowa, ita ke ba yarinyar ƙanzo kullum tana yi mata waƙa. Na ga mata a ɗakin sun dubi juna. Na ji an fara raɗa a tsakar gida. Kafin azahar ƙanen matata ya shigo da gora a hannu, da wasu samari a bayansa, ya ce, "Yaya, ka ji sunan da take kira. Ba mu izini kawai."

Wallahi, a nan na san Mainasara. Mutum ne da ɗansa ke mutuwa a gabansa, hannunsa ba abin da zai iya, sai ga wani ya zo ya ce masa akwai abin yi, akwai wanda za a kama. Wannan magana tana da daɗi a kunnen uba, daɗi mai ban tsoro. Ciwo ba shi da wuyan da za ka shaƙe, tsohuwa tana da shi. Na kuma gane abin da Hassi ta yi ya wuce ƙarfin hannu. An ajiye mata ranta da mutuncinta gefe guda, ɗan wata macen gefe guda, ba ta ko tsaya aunawa ba. Ni da ba a nemi in ba da komai ba sai in hana a zalunci baiwar Allah, da wane ido zan kasa?

Na karɓe gorar daga hannunsa. Na fita na shiga gidan Goggo Ige, na same ta a ƙuryar ɗaki tana makyarkyata, labari ya riga ya iso mata. Na ce, "Goggo, 'yarki na neman ki." Na riƙo hannunta muka ratsa ta tsakiyarsu, na zaunar da ita a tabarma, na ɗora kan Saude a cinyarta. Tsohuwar ta fara yi mata waƙar nan tasu. Yarinyar ta daina fizge-fizge. Kafin la'asar Saude ta cika, a cinyar Goggo Ige.

Kuka ya tashi, a ƙarƙashin kukan kuma na ji raɗar ta dawo, ta fi ta ɗazu kaifi. Aka tambaye ni wa zai yi wa gawa wanka. Na ce Goggo Ige. Ta ɗago ta dube ni hawaye na bin tamojin fuskarta, ta ce, "Ɗana, ka san abin da za su ce." Na ce, "Na sani, Goggo. Ke ta kira."

Aka kai ruwa bayan ɗaki, ta ɗauki 'yata ta shiga. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofa da gorar nan a hannuna, ina kuka kamar yaro, har ta gama. Ba wanda ya wuce ni.